Shin Waya Ce Ta Tayar da Makarantar Paritewadi?

Tambaya: An ba ni shugabancin wata firamare da ta kusa durƙushewa. Yara ba sa zuwa, musamman mata, waɗanda ke zuwa kuma sai ka ga ɗan aji huɗu bai iya karanta layi ɗaya ba. Na ji labarin wani malami a Indiya da ya gyara irin wannan makaranta da wayar hannu har aka ba shi kyautar dala miliyan ɗaya. Me ya yi takamaimai? Idan ƙungiyar iyaye da malamai ta tara kuɗi, mu sayi kwamfutocin hannu ne?

Amsa: Malama, Allah ya taya ki riƙo. Kada ku sayi kwamfutocin hannu da kuɗin iyaye, aƙalla ba bana ba. Dalilina yana cikin labarin malamin da kika tambaya, don haka zan ba ki shi bi da bi, domin abin da ya fara yi da abin da ya jinkirta su ne darasin.

Sunansa Ranjitsinh Disale. Tun farko ba koyarwa ya sa a gaba ba, injiniyan kwamfuta ya so zama. Da karatun bai tafi yadda ya so ba, sai mahaifinsa ya ba shi shawarar shiga makarantar horon malamai. A shekarar 2009 aka tura shi firamaren gwamnati da ke ƙauyen Paritewadi, a gundumar Solapur ta jihar Maharashtra, yankin da ya saba fama da ƙamfar ruwan sama. Ginin da ya tarar ya lalace, yana maƙale tsakanin garken shanu da ɗakin ajiya. Gidauniyar Varkey, wadda ta ba shi kyautar daga baya, ta ce akwai lokutan da zuwan 'yan mata makarantar bai wuce kashi 2 cikin 100 ba, kuma aurar da yarinya tun ba ta gama girma ba abu ne da aka saba.

Ga wani abu da masu yaɗa labarin a Facebook suka fi tsallakewa. Solapur tana kan iyaka da jihar Karnataka. Harshen hukuma a Maharashtra shi ne Marathi, amma yaran da Disale ya tarar harshen Kannada suke yi a gida, littattafan da aka ba su kuma ba da shi aka rubuta su ba. Da ƙyar aka bar yarinya ta zo aji, ta zauna, aka buɗe mata littafi da harshen da ba ta ji sosai. Me zai dawo da ita gobe? Disale ya koma ƙauyen da zama, ya koyi harshen mutanen, ya riƙa shiga gidaje yana zama da iyaye, sannan ya mayar da littattafan aji ɗaya zuwa huɗu cikin harshen da yaran ke fahimta. A duk wannan babu abin da ke buƙatar intanet.

Sai bayan shekaru aka zo kan abin da ya yi suna da shi, wato lambar QR. Kin san ta, ɗan zanen nan mai kusurwa huɗu da ɗigo-ɗigo baƙi da fari, wanda ake haska wa kyamarar waya sai ta buɗe wani shafi. Ya riƙa haɗa waƙoƙin karatu da murya, da bidiyon darasi, da labarai, da aikin gida, ya maƙala wa kowane darasi lambarsa a jikin littafin. Ki kwatanta yarinyar da aka hana zuwa makaranta ranar Talata saboda aikin gona ko rainon ƙanne. Da dare mahaifinta ya dawo da waya, ta buɗe shafin da aka yi ran nan, ta haska lambar, ta ji muryar malaminta yana karanta waƙar da harshenta, ta maimaita sau nawa take so. Ranar Laraba ta shiga aji ba a bar ta a baya ba, ba ta ji kunyar da ke sa yaro ya ƙara fashi ba. Lambar ta magance matsala guda ɗaya sananniya, wato darasin da ke wucewa yaron da bai zo ba. Kuma da yake abin da ke bayan lambar ana iya canza shi ba tare da an sake buga littafi ba, yakan duba inda yara suka kasa ya sauya bidiyon ko aikin da ya ɗora musu.

A 2016 aka zaɓi makarantar a matsayin wadda ta fi kowace a gundumar. Gidauniyar ta ce zuwan 'yan mata ya kai kashi 100 cikin 100, an daina auren ƙananan yara a ƙauyen, kashi 85 cikin 100 na ɗalibansa sun ci jarrabawar ƙarshen shekara da sakamako mafi girma, kuma wata yarinya daga ƙauyen ta kammala jami'a. Ya kai wa gwamnatin jiha shawara, aka gwada, a 2017 ma'aikatar ilimi ta Maharashtra ta sanar da sa lambar a littattafan dukkan azuzuwa. A 2018 gwamnatin tarayyar Indiya ta ce littattafan hukumar tsara manhaja ta ƙasa, NCERT, su ma za su ɗauki lambar. Ranar 3 ga Disamba 2020 aka sanar daga Landan cewa shi ya ci kyautar gwarzon malamin duniya, daga cikin mutum fiye da 12,000 da aka gabatar daga ƙasashe sama da 140. Nan take ya ce zai raba rabin kuɗin ga sauran tara da suka kai zagayen ƙarshe tare da shi, kowa ya tashi da kimanin dala 55,000. Ɗaya daga cikinsu ɗan Najeriya ne, Olasunkanmi Opeifa, malamin Turanci a sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo da ke Karu a Abuja. Wannan kyautar da ya yi tana burge ni har yau, kuma ta nuna irin mutumin da yake.

Sai dai ki riƙe alƙaluman da hankali. Ƙaramar makarantar ƙauye ce, kuma bayanin daga masu ba da kyauta ya fito. Malami ɗaya ne ya koyi harshe, ya bi gidaje, ya gyara ɗaki, ya fassara littafi, ya sa lamba, duk a wuri ɗaya. Babu yadda za a yi a zare guda daga ciki a ce ita ce ta yi aikin. Ni a nawa ganin, da an cire lambar an bar sauran, makarantar za ta tashi ko da ba ta kai haka ba. Da an kawo lambar kawai an bar sauran, ba abin da zai motsa, domin mahaifin da bai yarda da malami ba, ba zai miƙa wa 'yarsa wayarsa da dare ba.

Akwai kuma sa'ar lokaci. A watan Satumba na 2016 kamfanin Jio ya shigo kasuwar sadarwa ta Indiya ya karya farashin data, har ta zama cikin mafi arha a duniya. Lambar QR ba komai ba ce in babu babbar waya da data mai sauƙi. Duk da wannan arhar, binciken ASER na ƙungiyar Pratham, wanda ke bin gidajen karkarar Indiya, ya nuna yaran makaranta masu babbar waya a gida sun ƙaru daga kusan kashi 36 cikin 100 a 2018 zuwa kusan 68 a 2021, amma kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu ita a gidan ba sa samun taɓa ta don karatu. Wayar tana gida a lissafi, a zahiri tana aljihun maigida a kasuwa. Kafin ki kwaikwayi Paritewadi, ki san adadin gidajen ɗalibanki da ke da babbar waya, da hannun wa take, da ƙarfe nawa take shigowa gida.

To, batun sayen na'ura. An riga an yi wannan gwajin da kuɗin da ya fi ƙarfin kowace ƙungiyar iyaye. Ƙasar Peru ta raba wa makarantunta ƙananan kwamfutoci fiye da 800,000 a wani shiri na ba kowane yaro kwamfutarsa. Bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka ya bi makarantun karkara 319, ya fitar da sakamako a 2012: bayan wata 15, yaran sun iya sarrafa kwamfutar, amma a lissafi da karatu ba su fi waɗanda ba a ba su ba. An kai na'ura, ba a canza abin da malami ke yi da safiyar Litinin ba.

Na ga ƙaramin irin wannan da idona a wata makaranta da na je duba malaman da muka horar. Wasu masu taimako sun kawo kwamfutocin hannu, an yi biki, an ɗauki hoto. Ranar da na je na ce a nuna mini su, sai hedimasta ya ciro makulli daga aljihun rigarsa, ya buɗe kabad ɗin ƙarfe da ke bayan teburinsa. Suna jere a kwalayensu, wasu ko ledar fuskarsu ba a ɓare ba, na danna guda uku babu wadda ta kawo wuta. Ban ga laifinsa ba. An sa shi ya sa hannu a takarda cewa duk wadda ta ɓata ko ta fashe shi zai biya, makarantar ba ta da wutar lantarki, tagogin ajin ba su da ƙyaure, kuma babu wanda ya zauna da malamansa ya nuna musu a wane darasi za a yi amfani da su. A ajin da ke jikin ofishin, yara fiye da yadda ɗakin zai ɗauka suna zaune a ƙasa suna bin malama da baki, littafi ɗaya a hannunta.

Ba wai na'ura ba ta taɓa amfani ba. A birnin Delhi an gwada wata manhaja mai suna Mindspark da yaran ƙaramar sakandare daga gidajen marasa ƙarfi, suna zuwa bayan an tashi daga makaranta. Cikin wata huɗu da rabi suka yi wa takwarorinsu fintinkau a lissafi da harshen Hindi. Amma ki dubi abin da manhajar ke yi. Tana fara gwada yaro ta gano ainihin inda ya tsaya, sai ta ba shi aiki daga nan. Masu binciken, Karthik Muralidharan da abokan aikinsa, sun tarar yawancin yaran suna bayan ajinsu da shekaru, kuma a aji ɗaya akan sami tazarar aji biyar ko shida tsakanin na gaba da na baya. Malamin da ke bin littafin ajin shafi-shafi yana magana ne da 'yan tsiraru na sahun gaba. Wannan ita ce cutar makarantarki, kamar yadda kika faɗa da bakinki game da ɗan aji huɗun nan. Kuma maganin, wato koyar da yaro daga inda yake, ana iya fara shi da allo da alli.

Abin da ya fi kama da halin da kike ciki shi ne gwajin Botswana. A 2020, lokacin da korona ta rufe makarantu, ƙungiyar Young 1ove ta yi aiki da gidaje kimanin 4,500. Wasu aka riƙa tura musu saƙon tes mai ɗauke da tambayoyin lissafi duk mako. Wasu kuma ban da saƙon, ana kiran wayar iyayen na minti 15 zuwa 20, a buɗe murya, a bi tambayoyin da yaro. Waɗanda aka haɗa musu da kira sun ƙaru a lissafi, saƙo shi kaɗai bai yi wani tasiri ba. Ko a maƙwabta an ga irin haka: a ƙauyukan Doso da Damagaram na Nijar, binciken Jenny Aker kan azuzuwan yaƙi da jahilci ya nuna manyan da aka koya wa amfani da ƙaramar waya tare da karatun sun fi sauran cin gwajin rubutu da lissafi, saboda sun sami abin da za su riƙa rubutawa da karantawa kullum bayan an tashi daga aji. Duka biyun da waya mai tocila aka yi su.

Saboda haka, da ni ce a kujerarki, makon farko ba zan yi maganar waya ba sam. Zan zaunar da kowane yaro daga aji biyu zuwa shida shi kaɗai na 'yan mintoci, in miƙa masa takarda ɗaya mai haruffa, da gaɓoɓi, da kalmomi, da 'yan jimloli, da ɗan gajeren labari, duk da harshen da yake yi a gida, in rubuta inda ya tsaya. Kusan haka ASER ke yi tun 2005. Za ki sha mamaki, malamanki ma za su sha, kuma wannan mamakin yana da amfani, domin daga ranar an daina musu a kan ko akwai matsala. Daga nan ki ware sa'a ɗaya kullum a raba yara bisa inda suka tsaya ba bisa aji ba. Mai koyon haruffa ya zauna da masu koyon haruffa ko da ɗan aji biyar ne, a yi shi da dabara yadda ba zai ji an ƙasƙanta shi ba.

Rajistar zuwa kuwa ki mayar da ita abin aiki. Yarinyar da aka nema kwana biyu a jere ba a gani ba, a je gidansu kafin mako ya ƙare. Ki je da kanki inda za ki iya, ki shiga wajen uwar, ki tambaya kafin ki yi wa'azi. Wata talla ce, wata raino, wata rashin makewayi a makaranta, wata dukan da wani malami ya yi mata. Kowace da maganinta, kuma ba za ki sani daga ofis ba. Ki sa mai unguwa da liman cikin lamarin tun da wuri, kada su ji labari a bakin wasu.

Sai a nan waya za ta shigo, kuma wadda ke hannun malamanki ta isa. Ki sami malami ko malamar da ta fi kowa iya karatu a bayyane, ta naɗi muryarta tana karanta darasin mako, a hankali, minti uku zuwa biyar, tana faɗin shafi, tana tsayawa don yaro ya maimaita. Murya ta fi bidiyo a wurinki: ba ta cin data sosai, tana shiga katin memori, tana wucewa ta Bluetooth ko Xender, ƙaramar waya ma tana kunna ta. Iyaye masu WhatsApp a tura musu, marasa shi a zuba musu a kati ranar taron iyaye ko a shagon mai cajin waya. Wannan ita ce lambar Disale a yanayin da data ke da tsada. Abu ɗaya da ba zan sassauta a kai ba: kowace murya ta dace da shafin da ke hannun yaron. Idan yana ji ba ya kallon rubutu, haddar baki zai yi, kuma haddar baki ce ta kai shi aji huɗu bai iya karatu ba.

Ga 'yan yaran da suka fi kowa zama baya, ki ɗauki dabarar Botswana. Kowane malami ya riƙe 'yan kaɗan, ya kira wayar gidansu sau ɗaya a mako a lokacin da aka yi alkawari da iyaye, a buɗe murya, uwa ko uba na zaune. A nan ki kafa doka mai ƙarfi: lambar iyaye ake kira, malami namiji ba ya kiran yarinya ita kaɗai, kuma ba a sa hoto ko bidiyon ɗan kowa a zauren WhatsApp ko Facebook sai da izinin iyayensa. Kuskure ɗaya a wannan fannin zai rushe amanar da kika yi wata shida kina ginawa, kuma 'yan matan ne za su fara biya, domin su za a fara cirewa.

Wani amfanin wayar da ba a cika ambata ba na malaman ne da kansu. Malama ta jingine wayarta a taga ta ɗauki darasinta na minti goma, ku zauna ku biyu ku kalla. Sau da yawa ba sai kin ce komai ba, da kanta za ta ga cewa yara huɗun gaba kawai take tambaya, ko ta kwashe rabin lokacin tana rubutu ta juya wa aji baya. Ki fara da naki darasin a gabansu, don kada su ɗauka tarko ne, kuma bidiyon ya tsaya a wayar mai shi.

Kuɗin da iyaye suka tara fa? Littafin karatu a hannun kowane yaro shi ne farko, ko da kwafi ne aka buga aka ɗinke. Sannan katin kira na malaman da za su riƙa kiran gidaje, domin bai kamata a ɗora wa mai ƙaramin albashi wannan ba. Sannan ƙaramar lasifika mai caji guda ɗaya ko biyu da ɗan faifan sola, yadda aji mai cunkoso zai ji muryar da aka naɗa. Idan makewayin 'yan mata ba shi da ƙofa, wannan ya riga lasifikar.

Ƙarshen zango ki sake gwajin nan na takarda ɗaya, da yaran nan dai, ki rubuta a babban kwali yawan waɗanda suka tashi daga haruffa zuwa kalmomi da waɗanda suka kai ga labari, ba tare da sunaye ba, ki kafe shi inda iyaye za su gani ranar taro. Idan wani a kwamitin ya sake tayar da maganar kwamfutocin hannu, ki tambaye shi abu huɗu: a wane darasi za a yi amfani da su, wa zai yi cajinsu, wa zai gyara wadda ta lalace, kuma abin da ke cikinsu da harshen yaranmu yake kuma daidai matakinsu? Ranar da aka sami amsar duka huɗun, a sayi kaɗan, a gwada da rukuni ɗaya na zango guda, a auna su da takardar gwajin tare da rukunin da bai samu ba, kafin a ƙara ko guda ɗaya.